Inda Ake Yanke Magana



A 'yan shekarun nan akwai wata tambaya da iyaye suke yawan tare mu da ita bayan sujada, wani lokaci su biyo mu da ita har gida. Yaro ya gama sakandare, an ce ya cike fom na karatun jinya ko na koyarwa, shi kuwa ya kafe sai fim. Sai uban ya ce, "Fasto, wai me ake koyarwa a can? Riƙe kyamara ne sai an yi shekara da shekaru ana biyan kuɗin makaranta? Ai ko jikana ya iya ɗauka da waya." A ƙarƙashin wannan akwai wata maganar da ba a cika furtawa ba, wato tsoron kada yaron ya lalace. Ba mu raina wannan tsoro. Amma tambayar farko tana da amsa, mun kuma ga amsar a kusa, domin shekara uku ke nan muna bin karatun ɗaya daga cikin 'yan matan zumuntarmu da ta tafi Jos koyon wannan aiki. Duk hutu takan dawo da abin da ta koyo, mu kuwa ba mu gajiya da tambaya.

Zuwa Jos ɗin ma ba a banza ba ne. A can hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya take, wadda aka kafa a 1979. A can Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa take tun 1995, ga kuma Kwalejin Talabijin ta NTA. Shi ya sa yara daga Pankshin, Kafanchan, Mubi, Biu da Zuru sukan haɗu a aji ɗaya da yaran Kano da na Legas.

Da ta dawo hutun farko mun zaci za ta cika mu da labarin kyamara. Sai ga ta da maganar kunne. Wata Asabar da rana ta shiga majami'a babu kowa, ta kafa makirfo, ta miƙo mana abin sauraro ta ce, "Baba, ku sa wannan ku ji." Muka sa. Ginin nan mun yi shekaru muna wa'azi a cikinsa, da an tambaye mu sai mu ce shiru yake a wannan lokaci. Amma ga kwanon rufi yana ƙas-ƙas saboda zafin rana, ga fanka tana gurnani, ga injin markaɗe daga can bayan layi, ga janaretan mai aski, ga ɗan acaba, ga wata akuya da ta ɓatar da ɗanta. Ta ce kunnen mutum yana da rariya, yakan tace abin da mai shi ba ya so ya ji, makirfo kuwa ba shi da ita, duk abin da ya zo kwashewa yake yi. Malamanta sun gaya musu tun makon farko cewa mai kallo yakan haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma da zarar ya kasa jin magana sai ya tashi. Duk wanda ya taɓa buɗe bidiyon wa'azi a Facebook ya ji murya tana dawowa daga bango kamar daga cikin rijiya ya san gaskiyar wannan.

Akwai wata al'ada ta masu ɗaukar sauti da ta tsaya mana a rai. In an gama ɗaukar wata fitowa, kafin a kwashe kaya, mai sauti yakan ce kowa ya tsaya inda yake. Ba motsi, ba tari, har rabin minti ko minti guda, shi kuwa yana ɗaukar shirun ɗakin. Domin kowane ɗaki da irin shirunsa. Shirun majami'armu dabam yake da shirun ɗakin kwananku. In mai tacewa ya yanke wata kalma daga tsakiyar magana, ramin da ya bari ba ya cikuwa da kome sai da shirun wannan ɗakin, in ba haka ba kunne zai ji an taɓa wurin. Ta ce wannan minti ɗayan ya fi kowane aiki wuya ga ɗalibai, kullum sai an sami wanda ya yi dariya ko ya sosa ƙafa. Ba mu yi mamaki ba. A makarantar tauhidi, darasin ziyarar gidan makoki ne ya fi ba ɗalibai wuya, don kowa ya zo da ayar da zai karanta, ba wanda ya zo da niyyar zama kawai. Abokan Ayuba sun yi kwana bakwai a zaune tare da shi ba su ce uffan ba, kuma duk wanda ya karanta littafin har ƙarshe ya san daga inda suka buɗe baki ne abin ya ɓaci.

Sai maganar haske. Kyamara in an bar ta da kanta takan auna hasken da ke gabanta gaba ɗaya ta raba. To ka tsayar da baƙin mutum sanye da farar riga a gaban taga, me za ta yi? Za ta gyara wa rigar da tagar, ta bar fuskar a duhu. Wannan ne dalilin da ya sa a bidiyon bukukuwanmu da yawa ango yakan fito kamar inuwa mai haƙora. Maganin ba shi da tsada: a juya mutum ya fuskanci tagar, ko a riƙe farin kwali a gefe ya mayar masa da haske a fuska. Rana tsaka takan haƙa rami a idon mutum, hasken hantsi da na la'asar sakaliya su ne masu kyau amma ba su jira kowa, hazon hunturu kuma yakan tausasa kome. Ta gaya mana cewa a zamanin fim na nadi, kamfanonin Amurka da hoton farar mace suke auna kalar kayansu, shi ya sa aka daɗe ana shan wuya wajen fitar da baƙar fata yadda take. Yarinyar da ta koyi haska fuskar kakarta har a ga kowane layi na tsufa a kanta, ta koyi wani abu da ba a rubuta a jadawalin darussa ba.

Kada wani ya zaci daga shiga ake zama darakta. Shekarar farko ita ce mai ɗaukar ƙafar kyamara, ita ce mai riƙe sandar makirfo sama da kai har hannu ya mutu, ita ce mai zama da littafi tana rubuta da wane hannu ɗan wasa ya riƙe kofi, da ta wane gefe aka ɗaura ɗankwali. Domin ba a jere ake ɗaukar fim ba. Ana iya binne mutum ranar Litinin a ɗaura masa aure ranar Alhamis, in wurin da aka samu ke nan. Shafi ɗaya na rubutun labari kusan minti ɗaya ne a allo, kuma mutum goma sha wani abu suna iya yini tun asuba su tashi da abin da bai kai minti biyar ba. In mai batir ya manta bai yi caji ba, darakta da duk iliminsa zama zai yi. Wani abin kuma da iyaye ba su cika tunawa ba: rukunin aikinta rabi Kirista ne rabi Musulmi. Wanda ya san Jos tun daga rikicin Satumba 2001 ya san yadda unguwanni suka rabu, har akwai inda mutum ba ya shiga sai da dalili. Su kuwa aiki ya sa dole su shiga. In a unguwar su wane za a yi ɗauka, shi ne zai shige gaba ya gai da mai unguwa, mahaifiyarsa ce za ta dafa. Ranar Juma'a a dakata, ranar Lahadi da safe a dakata. Ba wanda ya kira wannan taron zaman lafiya, jarrabawa ce kawai suke so su ci tare.

Duk waɗannan, mai haƙuri zai iya koyonsu a bakin aiki ko bai shiga aji ba. Abin da muke so mu daɗe a kansa shi ne wanda ta koya a shekara ta biyu, a ɗakin tacewa, inda ake zama gaban kwamfuta a yanke a haɗa.

Mu da muka tashi a ƙauye a shekarun 1980 da farkon 1990 mun san ƙarfin hoto tun kafin mu san sunansa. Iyayenmu sun ba mu labarin majigi na zamanin Turawa da na gwamnatin Arewa, motar da takan zo dandali da dare ta nuna yadda ake noman auduga da tsabtar gida. Mu kuma namu majigin shi ne fim ɗin rayuwar Yesu na 1979, wanda aka ɗauko daga Bisharar Luka aka juya shi zuwa Hausa. A ɗaura farin zane tsakanin itace biyu, a tada janareta, gari duka ya fito. Mun ga tsofaffi suna share hawaye, mun ga wata tsohuwa ta miƙe tana yi wa sojojin Roma tsawa. Allah ya yi aiki da fim ɗin nan, ba mu shakka. Amma ku tambayi tsaranmu su rufe ido su tuna da Ubangiji, da yawa fuskar Brian Deacon za su gani, ɗan wasan Ingila da ya fito a fim ɗin. Awa biyu a gaban farin zane ta dasa abin da shekaru na ajin baftisma ba su tumɓuke ba. Wanda zai riƙe irin wannan makami, ya kamata a koya masa inda kaifinsa yake.

Kaifin kuwa a wurin yanka yake. Kimanin shekara ɗari da suka wuce wani malamin fim a Rasha mai suna Lev Kuleshov ya yi wani gwaji da har yau ake koya wa ɗalibai. Ya ɗauki hoton fuskar wani ɗan wasa, fuska ba fara'a ba fushi. Ya haɗa ta da hoton kwanon miya, masu kallo suka ga yunwa a fuskar. Ya haɗa ta da hoton yarinya a akwatin gawa, suka ga baƙin ciki. Ya haɗa ta da hoton wata mace a kishingiɗe, suka ga sha'awa. Fuskar ɗaya ce, ko gira bai ɗaga ba. Abin da aka ajiye kusa da ita ne ya ba ta ma'ana.

Yarinyar nan ta gwada mana da bidiyon taron matasa na gundumarmu. Ta ɗauko inda mai wa'azi ya faɗi wata magana mai nauyi, ta bi shi da fuskar wani dattijo yana gyaɗa kai. Muka ce madalla, dattijo ya yarda. Ta sake ɗauko maganar nan dai, ta bi ta da fuskar dattijon nan dai ya ɗaure fuska yana kallon ƙasa. Sai ga shi kamar maganar ta soke shi, kamar shi ake nufi. Ta ce, "Baba, gyaɗa kan nan lokacin waƙa ya yi shi. Ɗaure fuskar kuma agogonsa yake dubawa." Ba ta ƙirƙiri ko hoto ɗaya ba. Duka biyun sun faru a ranar, a ɗakin. Amma da ta saki na biyun a WhatsApp, da kafin Lahadi an gama yanke wa bawan Allah hukunci.

Ku matasa kun fi mu sanin yadda wannan yake yawo a wayoyinku. A ɗauko wa'azin awa guda, na fasto ko na liman, a yanko daƙiƙa talatin. Wataƙila a daidai wurin mutumin yana faɗin maganar da zai rushe ne a jimla ta gaba, amma jimla ta gaba an bar ta a ƙasa. A ƙasar da gari yake iya kama wuta kan jita-jita, wannan ba wasan yara ba ne. Ɗalibin fim ya san yadda ake yinsa, don haka in ya ga irin wannan guntun bidiyo, abin da yake fara nema shi ne inda aka yanke, da abin da ke gabansa da bayansa. Mu ma a makarantar tauhidi abin da aka fi dukan hannunmu a kansa ke nan: kada ka ɗauko aya ka bar 'yan'uwanta. A sura ta 4 ta Matiyu, da Mai Jaraba ya ga Ubangiji yana amsa masa da Nassi, shi ma Nassin ya jawo, daga Zabura ta 91. Kalmomin na Littafi ne. Yankan da wurin da ya ajiye su ne nasa.

Amma kada a ɗauka yanka kansa zunubi ne. Ba a fim sai da shi, ba a wa'azi sai da shi, ko labarin tafiya za ka ba matarka sai ka bar wani abu. Yohanna a ƙarshen sura ta 20 bai ɓoye ba, ya gaya wa mai karatu cewa akwai alamu da yawa da bai rubuta ba, ya kuma faɗi dalilin da ya sa ya zaɓi waɗanda ya zaɓa. Luka a farkon littafinsa ya nuna ya bi diddigin abin daga waɗanda suka gani da ido, sa'an nan ya tsara shi. Sun zaɓa, sun tsara, amma ba su sa shaidunsu faɗin abin da ba su nufa ba, ba su kuma ɓoye inda suka dosa ba.

A nan bari mu ɗan ratse mu taɓa namu wasannin na ikilisiya, tunda da yawa yanzu ana ɗaukarsu a sa a YouTube. Muna son himmar ƙungiyoyin wasan kwaikwayo, amma labarin kusan ɗaya ne kullum. Boka da jan ƙyalle da dariyar mugunta, mai kuɗi mugu, sai minti biyar na ƙarshe kowa ya durƙusa ya tuba, wani ya juyo ya fuskanci jama'a ya bayyana musu darasin ko da ba su gane ba. Abin da ya fi damunmu shi ne sau da yawa mugun yakan fito da karin harshen wata ƙabila maƙwabciya, ko da shigar mutanen wani addini, yara suna kallo suna haddacewa. Malamin rubutun labari na yarinyar nan yakan ja jan layi a duk inda ɗan wasa ya faɗi da baki abin da ya kamata mai kallo ya gano da kansa. Annabi Natan bai shiga fada yana ihu ba. Labarin matalauci da 'yar tunkiyarsa ya kawo, ya bar Dawuda ya yanke hukunci da bakinsa kafin ya san a kan wa yake yankewa. Misalin ɗan nan da ya ɓace a Luka 15 kuma ya ƙare uban yana waje yana lallashin babban ɗan, ba a gaya mana ko ya shiga ba. Da a hannun wasu daraktocinmu ne, da sai sun shigar da shi ya yi rawa.

Wata ratsen kuma ga dattawa da masu riƙe da baitulmali. Yaran nan da suke ɗaukar mana taro suna sayen batir, suna sayen ma'ajiyar bidiyo, suna biyan mota, sa'an nan su kwana uku a gaban kwamfuta. "Allah ya saka" addu'a ce mai kyau, amma mai shago ba ya karɓarta. Ikilisiyar da take biyan mai gyaran janareta ta iya biyan mai tace bidiyo.

Mu koma ɗakin tacewa. A hutun da ya wuce wata ƙungiya ta ɗauke ta aikin 'yan kwanaki, ita da abokan karatunta biyu, su ɗauki shaidar matan da hari ya raba da ƙauyukansu, suna zaune a harabar wata makaranta. Za a nuna wa masu ba da taimako. Aikin kirki ne, kuma matan suna bukatar taimakon. A cikinsu akwai wata gwauruwa da ta yi magana fiye da minti arba'in. Kisan mijinta a jimla uku ko huɗu ta faɗe shi, idonta a bushe, kamar wadda ta gaji da maimaitawa. Inda ta daɗe shi ne a kan maƙwabcinsu, wani Musulmi da suka yi shekaru suna iyaka da gona, wanda ya tura ta da 'ya'yanta cikin rumbunsa a daren, ya zauna a bakin ƙofa har gari ya waye. Sai kuma maganar taki da 'yar gonar da za ta noma, don ta ce ba ta saba cin abin hannun mutane ba. Sau ɗaya tak ta yi kuka, lokacin da ta ce ƙaramin ɗanta kullum da safe yana tambayarta ina rigarsa ta makaranta.

Wanda ya ba da aikin minti uku yake so. Ya kalli abin da aka ɗauko ya ce a fara da kisan, a bi shi nan take da hawayen, a rufe da roƙo. Maƙwabcin kuma a cire shi, wai zai rikita masu kallo. Yarinyar ta zo mana da dare ranta a jagule. Ta ce, "Baba, in na yi yadda ya ce, babu kalma ɗaya ta ƙarya a ciki. Muryarta ce, hawayenta ne. Amma ba abin da Mama ta faɗa ba ke nan." Muka ce, "'Yata, in aka nuna wa Mama, za ta gane maganarta?" Ta yi shiru, sa'an nan ta ce za ta gane fuskarta dai.

Irin wannan maƙwabci ba tatsuniya ba ne da za a ce zai rikita mutane. A watan Yunin 2018, a ƙauyen Nghar da ke ƙaramar hukumar Barkin Ladi, Liman Abubakar Abdullahi ya ɓoye mutane fiye da ɗari biyu a masallacinsa da gidansa, yawancinsu Kirista, ya tsaya a gaban maharan ya hana su shiga. A 2019 gwamnatin Amurka ta karrama shi saboda haka. In masu ɗaukar labarinmu suka riƙa share irin waɗannan mutane don labari ya miƙe, 'ya'yanmu za su tashi da hoton duniyar da babu su a ciki, kuma da wannan hoton za su fita kasuwa gobe. Wahalar da 'yan'uwanmu suka sha gaskiya ce, ba mai rage ta a gabanmu. Ba ta bukatar a ɗauko hawaye daga wani wuri a liƙa mata.

Ta tace shi minti huɗu da 'yan daƙiƙu. Ta bar kisan yadda Mama ta faɗe shi, a bushe. Ta bar rumbun. Ta bar hawayen a kan rigar makaranta, inda suka zubo. Ta rubuta wa mai aikin dalilinta cikin ladabi. An biya ta, amma ba a sake kiranta ba, kuma ainihin abin da aka ɗauko yana hannunsu, don yarjejeniyar ta ce nasu ne. Kuɗin da ta sa rai za ta samu a aiki na gaba, da shi ta yi niyyar rage wa mahaifinta nauyin zango mai zuwa. Mun faɗi wannan ne don kada wani matashi ya ɗauka irin wannan tsayawa kyauta ce.

Akwai wata ƙa'ida da aka koya musu a darasin fim na gaskiya, wato wanda ba wasa ba: neman izini ba ya ƙarewa a ranar ɗauka. Mutumin da ya ce "na yarda" a gaban kyamara bai san me za a yi da maganarsa ba, musamman wanda bai taɓa ganin yadda ake tacewa ba, kuma yana cikin halin da ba zai iya ce wa mai kawo taimako a'a ba. Don haka kafin ta miƙa aikin, ta ɗauki kwamfutarta ta hau mota ta koma harabar makarantar da kuɗin aljihunta. Ta zauna a tabarma ta kunna wa Mama. Tana jiran yabo, ba ta ɓoye mana ba, don a ganinta ta yi yaƙi ta ceto maƙwabcin daga almakashi.

Mama ta kalla har ƙarshe ba ta ce kome ba. Ta ce a sake kunnawa. Da aka zo inda ta ambaci sunan mutumin da sunan ƙauyen, sai ta ɗaga hannu. Ta ce, "'Yata, tsaya. Wa da wa za su ga wannan?" Yarinyar ta ce mutanen ƙungiyar, amma yana iya shiga intanet, in ya shiga kuwa ba mai iya cewa ga inda zai tsaya. Mama ta ce, "To cire sunansa. Cire sunan garin. Mu mun fito, shi yana can da iyalinsa. Waɗanda suka zo daren nan ba su san wanda ya ɓoye mu ba. Ki bar abin da ya yi, ki cire shi."

Sunan ya fito sau uku a cikin minti huɗun, na garin sau ɗaya. A nan kan tabarmar ta yanke su ɗaya bayan ɗaya, Mama tana kallon allon. Kowane yanka ya bar ɗan rami a tsakiyar magana. Ta buɗe jakar sautin ranar, ta ɗauko minti ɗayan nan da abokin aikinta ya sa kowa ya yi tsit a ajin da matan suke kwana, ta gutsuro kaɗan-kaɗan ta cike wuraren. Ta sake kunnawa daga farko. Mama ta saurara da kyau, ta ce yanzu a kai musu, a kuma tuna musu da maganar takin kafin ruwa ya sauka.